Jawabi a Kan Guzurin Ɗan Koyo: Ɗalibin da Ke Aiki Ba Lada, Wa Zai Ci da Shi?

 Ina so in yi magana a kan wata mas'ala da ta daɗe tana damun masu neman ilmi a jami'o'in ƙasar Amurka, watau mas'alar ɗalibin da ake tura wa wata ma'aikata ya yi aiki wata biyu ko uku don ya san makamar aiki, alhali kuwa ba a ba shi ko anini. Abin da nake gani, wanda kuma zan kafa wa hujja a nan, shi ne lalle ne a ba ɗan talaka guzurin wannan zama gwargwadon bukatarsa, a ba shi tun bai tashi ba, amma kada guzurin nan ya zama hanyar da mawadaci zai sauke nauyin ladan da ke wuyansa. Ku saurara da hankali, gama maganar ta shafi kowane mai koyarwa da kowane mai koyo.

Fasali na farko: surar al'amarin

Ku sani, a Amurka ɗalibin jami'a yakan yi shekara huɗu kafin ya sami shahadarsa ta farko, kuma a kowace shekara akwai dogon hutu na watannin Yuni da Yuli da Agusta. A cikin wannan hutu ne al'ada ta gudana cewa ɗalibi ya nemi gurbi a wani ofishin gwamnati, ko gidan jarida, ko kamfani, ko ƙungiyar taimakon jama'a, ya zauna a can yana aiki tare da ma'aikata, yana ganin yadda ake yi. Wannan shi ake kira zaman sanin makamar aiki, mai yinsa kuwa shi zan riƙa kira ɗan koyo. Waɗansu wuraren suna biyan ɗan koyo, musamman bankuna da kamfanonin injiniyoyi da na kwamfuta. Waɗansu kuwa ba sa biya, kuma an fi samun rashin biya a gidajen jarida da na shirya fim, da gidajen ajiye kayan tarihi, da ƙungiyoyin agaji, da ofisoshin 'yan siyasa.

Da a ce zaman nan nafila ne, wanda ya ga dama ya yi wanda bai ga dama ba ya bari, da ba abin magana. Amma ya zama kamar farilla. Idan ɗalibi ya gama karatu ya zo neman aiki, abin da ake fara dubawa a takardarsa shi ne ina da ina ya taɓa zama, wa kuma zai shaide shi. Wanda ya yi zaman yana da shaida da sanayya. Wanda bai yi ba, ko da ya fi shi ƙwazo a aji, sai ya koma baya. Ashe ke nan ƙofar aiki ta zama tana da kuɗin shiga, kuɗin kuwa shi ne mutum ya iya rayuwa wata uku ba a biya shi ba.

Ko a sana'o'inmu na gado ba haka ake yi ba. Yaron da aka kai wa maƙeri ko baduku ko majemi, ba a yanka masa lada, wannan gaskiya ne, amma a gidan ubangidansa yake cin tuwo, a zaurensa yake kwana, in sallah ta zo a ɗinka masa riga. Mai koyarwa ya san cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan koyon zamanin nan an ɗauki aikinsa, an bar masa cikinsa da kuɗin hayarsa.

Fasali na biyu: yadda doka ta bar wannan kafa

A shekarar 1938 aka kafa dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka wadda ta wajabta mafi ƙarancin lada ga kowane ma'aikaci. Sa'an nan a 1947 wata ƙara ta kai gaban Kotun Ƙoli, tsakanin hukumar ƙwadago da wani kamfanin jirgin ƙasa mai suna Portland Terminal. Kamfanin yakan koya wa masu neman aikin riƙe birki na kwana bakwai ko takwas ba ya biyansu. Kotu ta yanke cewa waɗannan masu koyo ne, ba ma'aikata ba, gama kamfanin bai ƙaru da kome ba daga koyonsu, har wani lokaci sukan jawo masa jinkiri. Ku lura da kyau: kwana takwas aka yi hukunci a kai. Amma a kan wannan ƙaramin tushe aka ɗora ginin da ya kai ga aikin wata uku, har wata shida, ba lada.

A 2011 waɗansu mutum biyu, Eric Glatt da Alexander Footman, suka kai ƙarar kamfanin Fox Searchlight, suka ce sun yi masa aiki wajen shirya fim ɗin Black Swan, aikin da ya kamata ma'aikaci mai albashi ya yi, ba a biya su ba. A 2013 alƙalin kotun tarayya ta New York, William Pauley, ya ba su gaskiya. Wannan hukunci ya girgiza kamfanoni, ƙararraki suka biyo baya, har a 2014 kamfanin mujallu na Condé Nast ya yarda zai biya dala miliyan 5.8 don a sasanta, NBCUniversal kuma dala miliyan 6.4. Amma a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Pauley, ta kawo wani sabon ma'auni, watau a duba wane ne ya fi amfana da zaman, ɗan koyo ko mai ma'aikata. In ɗan koyo ne ya fi amfana, ba tilas a biya shi. A watan Janairu na 2018 ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta karɓi wannan ma'auni.

Har wa yau, wannan duka a kan kamfanoni masu neman riba ne. Ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyin da ba na riba ba, doka ta yi musu sauƙi ƙwarai, tana ɗaukar mai yi musu aiki kyauta a matsayin ɗan sa kai. Saboda haka aiki ba lada ya wanzu a cikin halas ɗin dokarsu, kuma wanda ke jiran kotu ta kawar da shi gaba ɗaya zai daɗe yana jira.

Fasali na uku: lissafin abin da ɗan talaka ke asara

Bari mu yi lissafi, gama lissafi ba ya son kai. Mafi ƙarancin lada na tarayya dala 7.25 ne a sa'a guda, kuma tun watan Yuli na 2009 yake a haka. Ɗalibin da ya koma garinsu a lokacin hutu ya kama aikin kanti ko gidan abinci, sa'a 40 a mako, mako 10, zai tara dala 2,900 ko da a wannan ladan mafi ƙasƙanci aka biya shi, jihohi da yawa kuwa sun sa nasu ya fi haka. Wannan kuɗi da shi yake sayen littattafai, da shi yake rage bashi, wani ma da shi yake taimakon uwarsa. In ya tafi zaman koyo ba lada, ya rasa wannan. Asara ta farko ke nan.

Ta biyu, guraben da ake rububi ba a ƙauyensu suke ba, suna Washinton da New York da Los Angeles da makamantansu, biranen da hayar ɗaki ɗaya a cikinsu takan cinye abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a wata. Ga kuɗin jirgi, ga na abinci, ga tufafin shiga ofis. Ta uku, jami'o'i da yawa idan za su ba ɗalibi taimakon karatu sukan ƙaddara cewa zai kawo wani kaso daga abin da ya samu a aikin hutu, su cire wannan kason daga taimakon. Wanda bai sami kome ba a hutu, kason nan yana nan a wuyansa. Ta huɗu, wadda ta fi ba ni mamaki, waɗansu kamfanoni don su kāre kansu daga doka sukan ce ba za su ɗauki ɗan koyo ba sai jami'arsa ta lissafa zaman a cikin darussansa, waɗansu jami'o'i kuwa sai an biya su kuɗin darasi kafin su lissafa. Ga mutum yana biyan kuɗi don a yarda ya yi aiki kyauta.

Ɗan mawadaci duk wannan ba ya jin nauyinsa, uba ya sa hannu a aljihu, magana ta ƙare. Ɗan talaka kuwa zaɓi biyu ne gabansa: ko ya ƙara cin bashi a kan bashi, ko ya haƙura da gurbin ya koma kanti. Yawancinsu haƙura suke yi, kuma ba mai jin labarinsu, gama wanda bai nema ba ba a rubuta sunansa cikin waɗanda aka hana.

Fasali na huɗu: abin da ya sa cutar ta wuce kan ɗalibi

Wani zai ce wannan damuwar ɗalibi ce shi kaɗai. Ni kuwa ina ganin ta al'umma ce. Ku duba wuraren da aka fi aiki ba lada: majalisar dokoki, da gidan jarida, da ƙungiyoyin da ke tsara manufofin gwamnati. Ɗan koyon yau a ofishin ɗan majalisa shi ne magatakardan gobe, shi ne mai rubuta daftarin doka jibi. In ba mai iya shiga sai wanda ubansa zai ci da shi wata uku a babban birni, to, masu rubuta doka a kan haya da ladan ma'aikaci da kuɗin asibiti za su zama mutanen da ba su taɓa kwana da tunanin waɗannan abubuwa ba. Ba na cewa mugaye ne, sai dai wanda bai taɓa shan rana ba, ba shi zai fara tuna dasa itace ba.

Mutanen Amurka da kansu sun gane haka. A 2016 wani saurayi, Carlos Mark Vera, wanda ya taɓa yin zaman majalisa ba lada, ya kafa ƙungiya mai suna Pay Our Interns, ma'ana a biya 'yan koyonmu. A 2017 suka fitar da ƙididdiga wadda ta nuna cewa a majalisar wakilai waɗanda ke biyan 'yan koyonsu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abin ya zama abin kunya, har a 2018 majalisa ta ware kuɗi musamman, dala 20,000 ga ofishin kowane wakili, da dala miliyan 5 ga majalisar dattawa. A 2022 kuma fadar White House ta soma biyan 'yan koyonta dala 750 a mako. Wannan ya nuna mana cewa rashin biyan ba rashin hali ba ne, al'ada ce kurum aka gada, kuma da aka sami masu faɗa da hujja sai ta kau.

Fasali na biyar: abin da waɗansu jami'o'i suka yi

Tun da doka ta bar kafa, waɗansu jami'o'i suka ga ba za su zura ido ba. Jami'ar Chicago ta kafa shirin Metcalf a 1997, wanda ke sama wa ɗalibai guraben koyo masu biya, a 2014 kuma ta yi alkawari cewa ɗalibanta 'ya'yan marasa ƙarfi da ke cikin shirin taimako na Odyssey kowannensu zai sami gurbi mai biya bayan shekararsa ta farko. A wannan shekara ta 2014 shugabar jami'ar Brown, Christina Paxson, ta yi alkawari cewa duk ɗalibin da ke karɓar taimako saboda bukata za a ɗauki nauyinsa aƙalla sau ɗaya, ya yi zaman koyo ko bincike. Abin da ya burge ni a tsarin Brown shi ne sun haɗa guzurin da yafe wa ɗalibi kason nan na aikin hutu da na ambata, gama sun gane cewa ba amfani a ba mutum da dama a karɓe da hagu. Kwalejin mata ta Smith kuwa ta bi wata hanya, tana da shiri mai suna Praxis wanda ke ba kowace ɗaliba guzuri sau ɗaya, mai hali da marar hali.

Waɗannan duka abin yabo ne, amma akwai aibi babba da ba zan ɓoye ba. Jami'o'in da ke iya wannan su ne masu tarin dukiyar gado. Ta Harvard kaɗai ta wuce dala biliyan 53 a 2024. 'Ya'yan talakawa kuwa yawancinsu ba a can suke ba, suna jami'o'in jihohi da ƙananan kwalejojin shekara biyu, waɗanda asusunsu bai taka kara ya karya ba. Ruwa ke nan yana zuba inda tafki yake, fadama busasshiya tana kallo. Saboda haka maganar ba za ta tsaya ga kyautar attajirai ba, sai hukuma ta shigo. Hanyar kuwa tana nan, gama tun 1964 akwai shirin tarayya na karatu da aiki, wanda gwamnati ke biyan babban kaso na ladan ɗalibi mabukaci idan ya yi aiki, kuma a 2023 kuɗinsa ya kai wajen dala biliyan 1.2. Sai dai tsarin rabonsa ya daɗe yana fifita tsofaffin makarantu masu tsada da suka riga shiga. In aka gyara rabon, aka bi inda mabukata suke, aka kuma sauƙaƙa wa ɗalibi ya yi amfani da kuɗin a wurin koyon da ya dace da karatunsa, da an rage kukan da yawa.

Fasali na shida: amsa ga masu ja

In an ce, don me za a bi bukata, me ya hana a ba kowa daidai kamar yadda Smith ke yi? Sai in ce, wanda asusunsa ya isa ya ba kowa, ya ba, ba laifi, har ma ya fi kāre mutuncin mabukaci. Amma inda kuɗi ya yi kaɗan, raba daidai zalunci ne da ya yi shigar adalci. In aka raba dala dubu ga kowa, ɗan mawadaci ya sami na kashewa, ɗan talaka kuwa bai sami abin da zai kai shi ba, sai ya zauna gida. Gara a tara a cika wa wanda in ba a cika masa ba ba zai tafi ba.

In an ce, me ya hana a ba wanda ya fi ƙwazo? Sai in ce, ƙwazo an riga an auna shi sau biyu, ranar da jami'a ta karɓe shi da ranar da ma'aikata ta zaɓe shi cikin masu nema. Abin da ya rage ba tambayar ko ya cancanta ba ce, tambayar ko zai ci abinci ce. Gasa ta uku ba ta ƙara kome sai wahala, kuma wanda ke da mai gyara masa takardar nema a gida shi zai cinye ta.

In an ce, yaya za a san mabukaci na gaskiya? Sai in ce, an riga an sani. Kowane ɗalibi mai neman taimakon gwamnati yana cika takardar da ake kira FAFSA, wadda ke bayyana samun gidansu, kuma da ita ake ba da taimakon Pell, wanda aka kafa a 1972, mafi yawansa kuwa dala 7,395 ne a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Ma'auni yana hannu, ba dalilin da zai sa a sake tsayar da yaro gaban kwamiti ya tona asirin gidansu.

In an ce, ai wannan guzuri taimakon kamfani ne ba na ɗalibi ba, gama jami'a ta biya, kamfani ya sami ma'aikaci a banza, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Shi ya sa na ce a rarrabe. Kamfani mai riba wanda ke biyan shugabanninsa miliyoyi, kada a kai masa ɗalibi da kuɗin asusun mabukata. Ya biya da kansa, in ya ƙi, jami'a ta hana shi kafa tallarsa a allonta. Ofishin gwamnati ya biya daga baitulmali, kamar yadda majalisarsu ta soma. Guzurin jami'a a ajiye shi don wuraren da ba su da hali da gaske: ƙaramin asibitin unguwa, da ofishin lauyoyi masu tsaya wa matalauta, da ƙaramar jaridar gari, da ɗakin bincike.

In an ce, idan aka matsa wa kamfanoni za su rufe guraben, kamar yadda Condé Nast ya rufe nasa a 2013, sai kowa ya rasa. Sai in ce, mu dubi ƙasar Faransa, wadda ta bi hanyar tilastawa. Dokarta ta 2014 ta ce duk zaman koyon da ya wuce wata biyu wajibi ne a biya, kamfani ne ko gwamnati ko ƙungiya, kuma kada ya wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu. A 2024 mafi ƙarancin abin biyan yuro 4.35 ne a sa'a. Kuɗin bai kai ladan cikakken ma'aikaci ba, amma zaman koyo bai mutu a Faransa ba, ɗalibai suna ta yinsa. Gurbin da zai rufe don an ce a biya, da ma ba na kowa ba ne, na masu hali ne kaɗai.

Fasali na bakwai: sharuɗɗan guzuri nagari

Ga abin da nake ganin ya kamata kowace jami'a ta kiyaye. Na ɗaya, a sanar da ɗalibi hakkinsa tun ranar da ya shiga makaranta, don ya nemi gurbi da ƙarfin zuciya; wanda bai san za a taimake shi ba, ba zai ko nema ba. Na biyu, a ba shi kuɗin kafin ya tashi, ba a ce ya kashe nasa ya kawo rasit daga baya ba, gama wanda ke da abin kashewa da ma ba shi ake nufi ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a auna guzurin da tsadar garin da za shi, a haɗa da abin da ya rasa na aikin hutu. Na huɗu, ya zama kyauta, ba rance ba, kada kuma a rage masa taimakon karatu saboda shi. Na biyar, kada jami'a ta karɓi kuɗin darasi a kan zaman da ba malaminta ne ya koyar ba. Na shida, jami'a ta bi sawu ta ga ko ana koya wa yaron wani abu, ko kuwa aike da dafa shayi kurum yake yi. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, gama binciken da ƙungiyar jami'o'i da masu ɗaukar ma'aikata ta NACE ke yi ya sha nuna cewa 'yan koyon da aka biya sun fi waɗanda ba a biya ba samun tayin aiki bayan karatu. Wanda ya fitar da kuɗinsa ya biya ka, shi zai damu ya ba ka aiki mai ma'ana. Abin da aka samu a banza a banza ake riƙonsa.

Fasali na takwas: rabonmu cikin wannan magana

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. A Nijeriya akwai tsarin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta soma a 1973, inda ake tura ɗaliban kimiyya da injiniya da aikin gona da makamantansu su yi watanni a ma'aikatu, kuma ba a ba su shahada sai sun yi. Shekaru da yawa alawus ɗin da aka yanka wa ɗalibi naira 2,500 ne a wata, alhali a 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000. Yaron da iyayensa ke ƙauye, aka ce ya nemi gurbi a Kaduna ko Kano ko Abuja, in ba shi da ɗan'uwa a can mai ba shi makwanci, kun san abin da ke faruwa: sai ya nemi wurin da ya fi kusa da gida ko da ba abin da zai koya, a sa masa hannu a littafi, ya dawo yadda ya tafi. A 2024 an kafa asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya haɗa da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, amma rance ne, kuma ba don kuɗin tafiya da haya na zaman koyo aka auna shi ba. Hujjojin da na kawo a sama duk suna hawa kan wannan, ba sai na maimaita ba.

Saboda haka ina kira ga malamai, in almajirinku ya kai wannan mataki ku tambaye shi ina zai sauka, me zai ci, kada ku tsaya ga sa masa albarka kaɗai. Ina kira ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ci gaban garuruwa, masu tara kuɗin biyan makaranta, su ware wani kaso don guzurin zaman koyo, su bi bukata wajen rabonsa, ba sanayya ba. Ina kira ga masu ma'aikatu, wanda ya ɗauki ɗan mutane ya sa shi aiki ya ba shi aƙalla na mota da na abinci. Ku kuma almajirai, ku san cewa neman wannan ba roƙo ba ne, ku nema da ladabi, ku rubuta wa shugabannin makarantunku da hujja da lissafi, kamar yadda 'yan'uwanku na Amurka suka yi har majalisarsu ta saurara. Wanda ke da wata hujja da ta saɓa wa tawa ya rubuto, a buga, mu ƙaru da juna.